Nonon Aro

A dangin su Zuhura akwai wani ciwo da ba su san sunansa ba. Tangaɗi kawai suke cewa, su rage murya. Mutum yana zaman zamansa, ya haura talatin, sai ƙafa ta fara yi masa gardama. Yau ya yi tuntuɓe inda babu dutse, gobe ruwa ya ƙware shi, jibi harshe ya yi nauyi har baƙo ya ɗauka wani abu ya sha. Daga nan sai bin bango, daga bango sai tabarma. Haka ya yi wa kakar Zuhura, haka ya yi wa mahaifiyarta Nana Aisha, ga shi yanzu ya sauka a kan wanta Kalilu.

Dangin ba su naɗe hannu ba. Sun zauna sun yi nazari, sun gano bakin zaren, a ganinsu: a nono ake shan ciwon. Hujjarsu kuwa tana nan da ranta tana yawo a kan keke, wato Kawu Abbas, autan kakar. Shi kaɗai ne bai sha nonon uwarsa ba, don lokacin da aka haife shi ciwon ya riga ya kwantar da ita, wata maƙwabciya ce ta shayar da shi. Ga shi ya ba saba'in baya yana tafiya a miƙe kamar taɓarya, yana kai albasa kasuwar Argungu. Duk wanda ya yi musu sai a nuna masa Kawu Abbas, magana ta ƙare. Shi ma tsohon ya san matsayinsa, in ya zo biki har wani ƙara miƙewa yake yi don a gani.

Shi ya sa ranar da aka haifi Zuhura ba a bari ta kai baki ƙirjin uwarta ba. Kalilu ya riga ya sha tun ciwon bai bayyana a jikin Nana Aisha ba, wannan ya wuce, amma ba za a maimaita ba. Tamba, ƙanwar babanta, tana goyo a lokacin. Ta naɗe jaririyar a zane ta tafi da ita Gulma. Can Zuhura ta sha, can ta yi rarrafe, can aka yaye ta. Ta tashi tana kiran Tamba Inna, tana jin manya suna cewa ita kam ta tsira. Uwar da ta haife ta kuwa, abin da ta riƙe nata kaɗan ne: wata mata a kan tabarma, mai yawan kallo, mai maganar da ba a ganewa.

Ta girma ta auri Izzuddeen, malamin sakandare ɗan gidan malamai na Nasarawa, suka zauna a Gesse cikin Birnin Kebbi. Haihuwa ta yi mata nisa. Ƙawayenta suka haifa suka yaye suka kai makaranta, ita tana zuwa suna da turmin atamfa tana dawowa da dariyar dole. Sai da aka daina tambayarta ma, sannan Allah Ya kawo Maimuna. Ta koma gidansu na Argungu wankan jego, gidan da yanzu Kalilu da matarsa ke ciki, Inna Tamba kuma ta taso daga Gulma don ba ta yarda da hannun kowa a wanka ba sai nata.

A wajen wankan ne abin ya tonu. Da safe ne, ruwa ya tafasa, Inna Tamba ta tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa mata a baya tana mitar 'yan matan zamani da ba su da juriya.

"Runtse ido," in ji ta, "in zuba maki ga kai."

Zuhura ta runtse. Nan take ƙasa ta goce daga ƙarƙashinta. Ta kai hannu ta damƙi katangar banɗaki, ta buɗe ido da sauri, ta yi kamar sabulu take nema. Ba yau aka fara ba. Tun tana da ciki take jin haka in ta rufe ido a tsaye, ta ɗora wa nauyin ciki laifin ta yi shiru.

Inna Tamba ba ta ce komai ba. Wannan ne ya fi tayar wa Zuhura da hankali, don tsohuwar ko cikin salla da ƙyar take yin shiru. Wunin ranar ba mita, ba tsokana. Ido kawai. Zuhura ta tashi ɗauko zane, ido. Ta ɗaga kofin kunun kanwa, ido. Kamar an aiko kunun kuwa, ya bi ta inda bai kamata ba, ta yi ta tari har hawaye. Da ta ɗago, ta ga tsohuwar ta ajiye tsintsiyar hannunta.

Bayan la'asar maƙwabta suka shigo barka kamar kullum, ɗaki ya cika. Inna Tamba ba ta jira sun fita ba.

"Zuhura, tun yaushe?"

"Tun yaushe mi, Inna?"

"Kak ki maishe ni yarinya. Na ga hannunki ga bango. Na ga kunu. Ni niy yi jinyar uwakki."

"Ciki na, Inna. Tun da nis samu cikin ga nike jin jiri."

"Ciki ya hita. Abin bai hita ba." Ta girgiza kai. "Allah shi jiƙan Nana, amma ta yi muna sata. Wata rana dai na juya baya tab ba ki. In ba haka ba, ta ina?"

Matan suka yi ta salati ƙasa-ƙasa. Zuhura ta sunkuyar da kai. Tsoro ya cika ta, tsoron bango da tabarma. Amma a ƙarƙashin tsoron ta ji wani abu da ya ba ta kunya, wani ɗan daɗi. Ashe dai matar nan mai yawan kallo ta taɓa rungume ta.

"Gobe Sirajo na zuwa da mota," in ji Inna Tamba. Sirajo ɗanta ne, wanda suka sha nono tare da Zuhura. "Matatai Hanifa na goyo, nononta har zuba shikai. Yarinyag ga Gulma za ta. Wanda tas sha ya wuce, mu tsare na gaba."

Maimuna tana kwance a gefen cinyar Zuhura, ta dunƙule hannu tana barci. Maganar da ke bakin Zuhura guda ce, kuma ba ta faɗuwa. 'Yar fari ce. A wurinsu mace mai tarbiyya ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta buɗe baki ta ce nawa ne. In an ɗauke shi sai ta kau da kai kamar ba ita ta yi naƙuda ba, a yaba mata a ce ga mai kunya. Wanda ya ƙago wannan kunyar dai bai taɓa jiran haihuwa ba. Zuhura ta kau da kai. Matan suka yaba mata.

Da ɗakin ya sarara ta zagaya bayan rumbu ta kira mijinta a waya. Ta gaya masa komai, har da abin da ta ɓoye masa tun tana da ciki. Ya ce zai zo da sassafe. Tana juyowa ta ga Kalilu ya jingina da rumbun, ya biyo bango tun daga zaure. Da can shi ne mai jefa birgin kamun kifi a gulbin Matan Fada wanda ake nunawa da yatsa, yanzu kofi ma sai da hannu biyu.

"Ku tahi... ga likitata," in ji shi, yana jan kowace kalma kamar mai jan guga. "Gobe... ranatta ta... Birni. Ta ɗebi jinina bara. Ta san... sunan abin."

"Yaya, kuma ba ka hwaɗi ba?"

"Na hwaɗi."

Ya faɗa kuwa, ba sau ɗaya ba. Sai dai mai nauyin harshe ba a jira ya kai ƙarshen magana, ana ce masa sannu ne a wuce.

Da safe Izzuddeen ya iso da tsohuwar motar wansa. Ya gaida Inna Tamba a durƙushe, ya ce zai kai Zuhura asibiti a duba ta. Tsohuwar ba ta hana ba. Ta dai riga ta saɓa Maimuna a baya ta ɗaure da zane biyu, tana ta kai da kawo a tsakar gida.

Zuhura ta tsaya da hijabi a hannu. "Inna, ko in tahi da ita?"

"Jinjira ba ta yi arba'in ba ki kai ta cikin masu tari? Gaban mijinki kuma kike wagga magana?"

Izzuddeen ya duƙar da kai yana duba takalminsa. Shi ma ɗan fari ne a wurinsa, shi ma kunyar ta ɗaure shi.

"To ku jira mu, Inna. Ba mu daɗewa," in ji Zuhura.

"Allah shi kiyaye hanya," in ji Inna Tamba.

Sai da suka hau titin Birnin Kebbi Zuhura ta sake juya maganar a ranta. Addu'a aka yi mata. Ba a ce za a jira ba.

A asibiti layi ne har waje. Likitar daga Sakkwato take zuwa, rana ɗaya a mako, duk mai ciwon jijiya da ƙwaƙwalwa a yankin ranar yake jira. Hantsi ya yi, rana ta take. Ƙirjin Zuhura ya cika ya yi tauri, ya fara tsatsafowa ta cikin riga. Ta ninka hijabi ta rufe. Ta kira wayar matar Kalilu, ba a ɗauka ba. Ta sake kira. Duk jaririn da ya yi kuka a layin sai ta ji jikinta ya amsa, ta waiga.

Likita Khadijatu mace ce gajera mai tabarau, ba ta da gaggawa ko kaɗan, abin da ya ƙara wa Zuhura ƙuna. Da ta ji sunan Kalilu ta ɗago ta dube ta da kyau. Ta sa ta tafiya a kan layin tayil, diddige na taɓa yatsu. Ta sa ta taɓa hancinta ta taɓa yatsan likita, ta koma, ta koma. Ta ce ta bi biro da ido ba tare da juya kai ba. Ta ce ta haɗe ƙafafu ta rufe ido, Izzuddeen ya tsaya kusa. Tana rufewa ta yi tangaɗi, ya tare ta.

"Ba ni ɓoye maki," in ji likitar bayan sun zauna. "Jego na kawo jiri, amma abin da nig gani ga idonki ya yi kama da na wanki. Jini za shi tabbatar. Za mu ɗiba yau mu aika, shina ɗaukar lokaci."

"Mi na na shi, likita?" in ji Izzuddeen. "Wane irin ciwo na?"

"Gado na. Akwai wata ƙwayar gado, ATXN3 muke ce mata. Kowa na da ita guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Cikin jikinmu kullum shara akai. Abin da yat tsuhwa ko yal lalace, jiki na ɗaura mai alama don masu kwasa su gane shi, awa yadda ake ɗaura ƙyalle ga ƙahwar kazar da za a kai kasuwa. Ita wagga ƙwaya, aikinta ta ƙera wani ma'aikaci mai bi shina kwance ƙyallayen, shina rage su, shina daidaita su, don sharar ta tahi daidai. To ga Kalilu, ɗaya cikin biyun ta zo da wani wuri da yam maimaitu har yaw wuce ƙima. Sai ma'aikacin shi hito da doguwar jela. Shi harɗe, shi dunƙule, shi taru cikin ƙwaƙwalwa wajen ƙeya, inda ke riƙe ma mutum tahiya da haɗiya da magana. Sannu-sannu wurin shi gaji."

Izzuddeen yana gyaɗa kai irin na malami. Zuhura kuwa kaza da ƙyallenta ba su dame ta ba. Tambaya ɗaya ta kawo ta daga Argungu.

"Likita, nono hwa?"

"Nono kamar yaya?"

Ta ba ta labari, tun daga kakarsu har zuwa motar Sirajo. Likitar ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ba ta yi dariya ba, Zuhura ta gode mata a rai.

"Ba shi bin nono," in ji ta. "Ko ɗigo. Tun ranar da ciki yas shiga an gama rabo. Ko ɗa ya ɗauki mai lahiyar, ko ya ɗauki ɗayar."

"To Kawu Abbas?"

"Mai lahiyar yaɗ ɗauka. Da ya sha nonon uwatai har shi yi gemu, ba abin da za shi same shi. Ki koma ki ba ɗiyakki nono. Ba abin da yah hi mata shi."

Zuhura ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka. Ta kusa miƙewa. Sai ta lura likitar ba ta mayar da tabarau ba, tana jiran tambaya ta gaba, irin jiran wanda ya saba.

"In ina da shi," in ji Zuhura a hankali, "ita hwa?"

"In kina da shi, rabi da rabi na. Awa a ce mace za a haihwa ko namiji."

"To ku gwada ta. Gobe in kawo ta."

"Ba mu gwada jinjiri ga ciwon da ba mu da abin tare shi. Ba shi tashi sai an girma. In ta mallaki hankalinta, ita za ta zaɓa ko ta sani ko ta bari."

"Ba wani abinci?" in ji Izzuddeen. "Ba wani magani da za a hwara tun yanzu?"

"Akwai motsa jiki, akwai koyon haɗiya, suna taimakon wanda yak kamu shi daɗe bisa ƙahwahunai. Za mu hwara da ita in jini ya nuna. Na hanawa kam, ana nema, ba a samu ba tukuna."

Aka ɗebi jinin. Suka fito. A bakin mota Zuhura ta tsaya ta dafa ƙofa. Izini ta zo nema, an ba ta, amma ya fi hanin nauyi. Jiya tana da abin da za ta yi wa 'yarta, ko da abin zai kashe ta da baƙin ciki: ta rabu da ita ta tsira. Yau ba ta da shi. Ga kuma ɗan daɗin nan na jiya, na satar da uwarta ta yi, shi ma likita ta karɓe ba da saninta ba. In ciwon ba ya bukatar nono, to ba ya shaidar komai.

Hanyar Argungu ba su yi magana ba sai sau ɗaya. Wajen wani ƙauye Izzuddeen ya rage gudu don shanu, ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Rabi hwa ba duka ba na." Ta ce haka ne. Ta san ita yake lallashi, ta san kuma kansa yake lallashi.

Kalilu suka tarar a ƙofar gida, ya jingina da dakali. Bai bari sun fito daga mota ba.

"Sun tahi," in ji shi. "Tun... hantsi."

Jinjirar da ba ta isa zuwa asibiti ba ta isa zuwa Gulma ke nan. Zuhura ta leƙa ɗaki duk da haka, kamar mai shakkar kunnenta. Shimfiɗar tana nan, an kwashe 'yan riguna da hular ulu, an bar mata kwalbar man zaitun.

Izzuddeen ya biyo ta har ƙofar ɗaki. "Mu bari sai gobe," in ji shi a tausashe. "In sami Baba Malam can gidanmu, a tura manya su yi mata bayani. Tsohuwa ta, ita tar rene ki. In mun tahi yanzu cikin hushi, kunyata ta za mu yi gaban surukatta."

Magana ce ta hankali, irin wadda gidan malamai ke koya wa 'ya'yansu. Zuhura ta dubi gaban rigarta da ya jiƙe har ciki.

"Malam, kai ni Gulma. In ba ka kai ni, in hau kabu-kabu."

Bai taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Ya juya ya tada mota.

Damina ta yi nisa, fadama ta cika, shinkafa kore shar hagu da dama har inda ido ya tsaya. Hanya ta lalace, mota na faɗawa rami tana fita, kowane rami sai Zuhura ta ji shi a ƙirji. Tana ta shirya magana a ranta tana rushewa. Yaya ake gaya wa matar da ta ba ka jikinta ka sha cewa wahalar banza ta yi? Ta fi tsoron wannan ma a kan faɗan. Can kuma wani tunani ya shigo ya zauna: in Maimuna ta saba da na Hanifa ta ƙi nata fa?

Sun isa bayan la'asar. Izzuddeen ya tsaya a zaure, don iyakarsa ke nan. Zuhura ta shiga ita kaɗai.

Gidan cike yake da mata, ana turara shinkafa. Tukwane na hayaƙi, an baza wadda aka sauke a kan tabarmi da buhuna tana shan iska, tsakar gida duk ta rufe sai 'yar siririyar hanya. A can ƙarshe, ƙarƙashin rumfa, Hanifa na zaune da jarirai biyu, nata a gefe, Maimuna a cinya. Inna Tamba na kusa da ita a kan kujera 'yar tsugunno.

Labari ya riga Zuhura isowa. Ta gane haka ne don ba fuskarta matan suke kallo ba, ƙafafunta suke kallo. Ga fili, ga siririyar hanya, babu bango ko ɗaya da za a dafa. Ta sa ido a kan hular ulun ta fara takawa. Ta yi rabi lafiya. Sai ƙafar hagu ta yi nata ra'ayin, ta faɗa cikin shanyar shinkafa, ta zame, ta yi taga-taga ta tsaya. Wata ta ce sannu. Ba wadda ta yi motsi. Ta ƙarasa da ɗumin shinkafa manne a tafin ƙafarta.

Hanifa yarinya ce mai kirki, duk ta rasa inda za ta sa ido. "Sannu da zuwa, Yaya. Ta sha ta ƙoshi, ba ta yi gardama ba ko kaɗan."

Don ta kwantar mata da hankali ta faɗa. Zuhura ta ji maganar har cikin ƙashinta.

"Na gode, Hanifa. Miƙo min ɗiyata."

Ludayin da ke motsa tukunya ya tsaya. Wata tsohuwa ta rufe baki da gefen zane.

"Ke Zuhura," in ji Inna Tamba. "Da bakinki?"

"Da bakina, Inna. Maimuna ɗiyata ta. Ni za ni ba ta."

"Ki ba ta mi? Abin da yak kwantar da uwakki?"

Zuhura ta durƙusa a gabanta, don ladabi, don kuma ƙafafunta sun gaji da riƙe ta. Ta faɗi abin da likita ta ce, iya yadda ta riƙe. Ta bar kaza da ƙyalle, ta ce dai ciwon a cikin halitta yake tun ciki na gudan jini, ɗa ya ɗauka ko ya kuɓuta tun kafin ya san nono.

"Likita yaushe anka haihe ta?" in ji Inna Tamba. "Ta ga Abbas?"

"Ni hwa, Inna? Nononki nis sha."

"Na ce maki uwakki ta yi sata."

"Kin gani?"

"Sai na gani?"

"Inna, don Allah ki hwaɗa min. Kin taɓa juya baya?"

Duk Gulma an san Tamba da tsare amana, da shi take tinƙaho. Ita ce ta yi wata da watanni tana shiga banɗaki da goyo, tana niƙa da goyo, tana kwana da zanen jaririyar ɗaure a hannunta. Ta san ba ta juya ba. Tun jiya ma ta sani, ta dai fi son ta zargi mamaciya da ta zargi dokar.

Hanifa ta dubi surukarta, ta ga ba a hana ta ba, ta miƙa jaririyar. Zuhura ta karɓa ta zauna dirshan a ƙasa, ta ɗaga hijabi a gaban kowa. Maimuna ta ƙoshi, ta juya kai, ta yamutsa fuska. Zuhura ta jira. Ta sake gwadawa. Can jaririyar ta lalubo ta kama, ba don yunwa ba, don ta san wurin.

Matan suka koma kan tukwanensu a hankali, kowace ta sami abin yi. Inna Tamba tana nan inda take, ta zuba wa 'yan ƙafafun da suka leƙo daga zane ido.

"To in ba nono ba," in ji ta, muryarta ta sauka, "mi za mu hana ta?"

"Ba komi, Inna."

"Ruwan gulbi? Kihi? A canza mata gari?"

"Ba abin da za mu hana ta. In ta ɗauka ta ɗauka. Sai ta girma."

Hayaƙin shinkafa na bi ta kansu.

"Nan taz zauna," in ji tsohuwar, ta nuna bakin rumfar da haɓa. "Nana. Ta sa anka kawo ta bisa amalanke, kina da kwanaki kaɗan. Ta ɗaure ƙirjinta da gyale, ya jiƙe awa naki. Tac ce, Tamba, sau guda. Ba wanda za shi sani." Ta shafa gwiwarta. "Nic ce mata ta ji tsoron Allah."

Zuhura ta sunkuya a kan 'yarta. Hawaye na sauka a kan hular ulun, ba ta da hannun sharewa. Hannun da ta tallafi kan Maimuna da shi ya fara rawa, ko gajiya ce ko ɗayan abin, ba ta sani ba, ba kuma za ta sani ba sai jini ya dawo. Kan jaririyar ya soma zamewa daga nonon.

Inna Tamba ta sauko daga kujerar da ƙyar, ta matso a kan gwiwa. Ta sa tafin hannunta a ƙarƙashin gwiwar hannun Zuhura ta tokare.

"Ba ta," in ji ta. "Ina riƙe."